Otal Ya Ɗora Zanko, Mu Mun Ɗora Kwano

Ƴan'uwa ɗalibai, ku yi mani haƙuri, wannan karon faɗa na kawo, kuma faɗan daga gidanmu ya taso. Akwai wani soro a ƙofar gidanmu a Gazawa, kakanmu ya sa aka gina shi tun ba a haifi babanmu ba. Yayana ya dawo daga Aljeriya da ɗan abin da Allah ya hore masa, ya ce da an cire amfanin gona zai rushe shi, ya ta da ɗakin bulo da rufin kwano. Na ce, "Yaya, kada ka yi." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai da ke karatun jami'a a Maraɗi, kai ne za ka ce mu dawwama cikin ƙasa kamar gara? To mi bokon ya ƙara maka?" Ranar ban sami abin ce masa ba. Amsar ta zo mani bayan wata biyu, a inda ban zata ba, cikin wani otal a Yamai.

Ɗan kawuna ke aikin karɓar baƙi a can. Da na je hutu cikin watan Afrilu, ya ce in zo in ga wurin aikinsa. Ƙaramin otal ne, ɗakunansa ba su fi ashirin ba, irin waɗanda ake kira butik, wato wanda ba girma yake taƙama da shi ba, tsari da ado yake sayarwa. Kuɗin kwana guda a ciki zai ciyar da gidanmu sati da satittika. Tun daga waje na ga zankwaye a kusurwoyin rufi, bangon kuma ja-ja kamar an yi masa makuba. Raina ya yi fari, na ce ashe a birni ma an san darajar gininmu.

Da muka shiga sai na ga wata duniya. Kujeru gajeru masu siraran ƙafafu a karkace kamar na zalɓe, tebura masu siffar ƙwayar wake, fitilu masu dogon wuya suna leƙo kan mutum, matasai ruwan ɗorawa da ruwan ganye. A bangon tsakiya an zana ƙaton dagi, an rataya faya-fayai da ƙoren fura kewaye da shi, kowace da ƴar fitilarta. Ɗan kawuna ya ce mai otal ɗin ya koya masu abin da za su faɗa wa baƙi: wai wannan salon shekarun 1950 ne aka aura masa gargajiyar Hausa.

Ni kuwa jikan mai soro ne, sai na ƙwanƙwasa bangon. Bulo ne na siminti, sirit, an shafa masa fenti mai yashi. Zankwayen ma siminti ne aka zuba. Gaban ginin kaf gilashi ne tun daga ƙasa har sama, yana kallon yamma, kuma babu taga guda da ake iya buɗewa. Abin da ke riƙe da ran wurin na'urar sanyi ce, kilim, tana gurnani a kowace kusurwa.

Wajen ƙarfe uku na rana wuta ta ɗauke, injin otal ɗin kuma ya ƙi tashi nan take. Kafin masu gyara su shawo kansa, falon nan ya zama tanderu. Na ga manyan mutane da kwat suna kwance maɗauran wuyansu, suna fita ɗaya bayan ɗaya, har suka taru ƙarƙashin dogon yaron da ke bakin ƙofa, inda maigadi ya shimfiɗa tabarmarsa yana dafa shayi. Wallahi duk ginin nan na miliyoyi, wurin da ya fi daɗin zama a wannan sa'a shi ne tabarmar maigadi. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

A nan na gane abin da ke damuna. Otal ɗin nan ya ari kamannin abu biyu, ginin zamanin 1950 da ginin magabatanmu, ya zubar da amfanin kowanne. Amfanin kuwa guda ne: inuwa da iska. Bari in ɗauke su ɗaya-ɗaya, don kada a ce zafin rai ne kawai ke magana.

Salon da suke kwaikwayo ya yi tashe bayan yaƙin duniya na biyu, daga wajen 1945 zuwa ƙarshen shekarun 1960. Aƙidar masu shi ita ce gini ya bar adon banza, kowane sashe ya zama yana da aikin da yake yi. Da salon ya sauko ƙasashenmu masu zafi, abin da ya fi cin ran masu zanen shi ne rana. Ku dubi hoton ɗakin karatu na Jami'ar Ibadan, wanda Turawan Ingila biyu, Maxwell Fry da Jane Drew, suka zana a shekarun 1950. An lulluɓe shi da ragar siminti mai ƙananan ƙofofi, rana ta tsaya waje, iska ta wuce. Ragar nan tana da kyau, amma aiki ne ya kawo ta.

Ba sai mun je Ibadan ba ma. A 1949 aka kafa wani gida a Yamai wanda Bafaranshe Jean Prouvé ya ƙera da ƙarfe da alminiyo, gunduwa-gunduwa, yadda za a loda shi cikin jirgin sama a zo a harhaɗa. Ana kiransa Maison Tropicale, gidan ƙasashen zafi. Ku lura, gidan ƙarfe ne, ɗan'uwan kwanon da muke rufi da shi. Sai dai mai shi ya san halin ƙarfe. Ya yi masa rufi biyu, ya bar fili tsakaninsu, ya buɗe ƙofar iska a tsawon ƙoƙuwar rufin don zafi ya tashi ya fita ta sama. Ya kewaye shi da baranda da fikafikan alminiyo masu tare rana kafin ta taɓa bangon ciki. Ba don mu aka yi shi ba, kada mu ruɗi kanmu: don ma'aikatan mulkin mallaka aka yi shi, kuma da tsadarsa ta yi yawa guda uku kacal aka kafa, ɗaya a Yamai, biyu a Brazzaville a 1951. Amma ko banza mutumin ya zauna ya yi tunani a kan ranar ƙasarmu.

Kun san inda gidan yake yau? Ba ya Yamai. Wajen shekarar 2000 wani dillalin kayan tarihi, Eric Touchaleaume, ya sayi gidajen uku, ya kwance su ya kwashe zuwa Faransa. A 2007 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin na Brazzaville a New York, a gidan gwanjo na Christie's, aka saye shi kusan dalar Amurka miliyan 5, fiye da miliyar biyu na sefa. Wa ya saya? André Balazs, mai irin waɗannan otal-otal na ƙawa a Amurka. Manthia Diawara, ɗan Mali, ya yi fim a kan labarin a 2008. Abin da aka bar wa Yamai shi ne daɓen simintin da gidan ya zauna a kai. Ainihin abin ya haye teku muna kallo, yau kuma muna biyan kuɗi mu zauna cikin kwaikwayonsa, kwaikwayon ma na ƙafar kujera, ba na dabarar rufi ba.

Yanzu mu dawo gida. Abin da Prouvé ya nema da alminiyo, maginanmu sun same shi da ƙasa tun kafin a haifi kakansa. Bangon soronmu ya kai kamu guda a kauri daga ƙasa, yana sirancewa yana hawa. Da tubali aka gina shi, wanda ake mulmulawa da hannu mai kai kamar na ƙwai, a jera shi a tsaye a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango mai kauri haka ba ya barin zafi ya ratsa shi da wuri. Rana ta yini tana dukansa, zafin bai iso ciki ba sai dare, lokacin kuwa mun fitar da tabarmi tsakar gida. Da sanyin hunturu kuma ɗumin nan shi ke riƙe mu har asuba. Tagoginsa ƙanana ne, can sama, inda iska mai zafi ke taruwa. Rufinsa azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, aka shimfiɗa zana aka zuba ƙasa, aka sa indararo ya tofar da ruwa nesa da gindin bango. Makubar da ake shafawa daga ɓawon ɗorawa ake samunta, kuma ruwa take korewa. Ko zankon da otal ya mayar abin ado, magina sun ce nauyinsa na danne kusurwa, kuma a nan suke ɗaura igiya in za su hau yaɓe. Ku tambayi kowace uwa a Gazawa ko Gangara inda take ajiye randa da man shanu da bazara, ɗakin kwano ko ɗakin ƙasa. Innarmu ba ta taɓa shiga lakwal ba, amma ba ta taɓa kuskuren wannan lissafi ba.

Kuma kada wani ya ce ginin ƙasa ƙaramin ilimi ne. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen shekarun 1830, har yau masu karatun zanen gini na zuwa kallon bakan gizonsa. Hasumiyar masallacin Agadas, mita 27 ta ƙasa zalla, tana tsaye, kuma tun 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya.

To in haka ne, mi ya sa muke gudunsa? A nan faɗan nawa ya bar mai otal ya dawo kanmu. Shi ɗan kasuwa ne, ya ga abin da baƙi ke so ya sayar masu. Mu fa? Mu ne muka mayar da kwano shaidar arziki. Saurayi ya je neman aure, tambayar farko ita ce ɗakin nasa na ƙasa ne ko na tol. Wanda ya dawo daga Libiya ko Legas bai ɗora kwano ba, a ce tafiyar ba ta yi albarka ba. Kowa a cikinmu ya yi zaman ajin da aka rufa da kwano ba sili, ya san yadda kai ke sarawa daga sha ɗaya na safe a watan Afrilu, mushe na magana kana jin sa kamar daga cikin rijiya, in ruwa ya sauko kuma darasi ya tsaya don ƙarar rufi. Mun sha wannan azaba shekara da shekaru, muka fito muka ce irinta muke so a gidajenmu. Baƙo ya biya jikkuna ya ɗauki hoto gaban zankon ƙarya, mu kuma muna biyan lebura ya rushe na gaskiya. Shi otal in ya yi zafi yana da kilim da inji. Yayana mi yake da shi? Mafici.

Na san abin da za ku ce, don Yaya ya riga ku faɗa, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Ya ce, "Ka manta damanar 2024? Gidajen wa sunka faɗi?" Gaskiya ne. A jihar Maraɗi gidajen ƙasa sun faɗa kan mutane, an yi rashe-rashe, Allah ya jiƙansu. A watan Satumba na shekarar tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya haura shekara ɗari da hamsin, ya zube. Wanda ya tono ɗan'uwansa daga ƙarƙashin bango ba ya son jin waƙar gargajiya, kuma yana da gaskiya. Ya ce azara ta yi tsada, giginya ta ƙare. Wannan ma haka ne. Ya ce yaɓe aikin kowace shekara ne, samarin da ke taruwa gayya a yi shi duk sun tafi ci-rani. Nan ma ban musa ba.

Amma mu duba da kyau mi ke kayar da ginin ƙasa. Ruwa ne da ke kwanciya a gindinsa, don an yi shi ba harsashin dutse, ko an yi shi kan hanyar ruwa. Indararo ne da ya toshe ba wanda ya hau ya duba. Yaɓe ne da aka bari shekara biyar. Sau da yawa ma siminti ne da ake shafa wa bangon ƙasa don a ce an waye: ya tsage, ruwa ya shiga bayansa ya kasa fita, bangon ya ruɓe daga ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1945 ambaliyar gulbi ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari. Maganin da aka yi shi ne garin ya hau tudu, don an gane mazauni ne matsalar. Duk waɗannan cututtuka ne masu magani, kuma akwai waɗanda suka riga suka gwada maganin a ƙasar nan.

A Yama, cikin jihar Tawa, wani manomi kuma magini, Falke Barmu, ya fara ginin masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, ya yi ta ƙara masa har ya kai hasumiya huɗu. A 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan, ɗaya daga manyan kyaututtukan gini na duniya. A Dandaji, nan jihar Tawa, Mariam Issoufou Kamara, ƴar ƙasar nan, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi, aka gama a 2018. Da jar ƙasar wurin suka yi bulo, ana matse ta da inji a sa mata ɗan siminti kaɗan, ga ƙarfi ga sanyi. Maganar azara kuwa, tun 1980 aka fara gini ba katako a Cikal, wajen Filinge, rufin ƙubba da baka na bulon ƙasa zalla, kuma an horar da magina da dama a kan haka. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001: bangon ƙasa, silin ƙasa, sannan ya ɗaga kwano sama a kan ƙarafa kamar malafa, ya kare ginin daga ruwa, iska na wucewa tsakani. A 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, ɗan Afirka na farko da ya same ta. Ku lura da rufin nan nasa: dabarar gidan Yamai ce ta 1949 ta haɗu da bangon kakanninmu. Auren da mai otal ya ce ya ɗaura, ga inda aka ɗaura shi da gaske, kuma ƴaƴan talakawa ke zaune a ciki.

Don haka ni ba gaba nake da kwano ba, ba kuma cewa nake mu koma zamanin jiya ba. Kwano malafa ce mai kyau. Abin da na ƙi shi ne a kifa shi kai tsaye bisa kan mutum a kira shi ci gaba. Na kuma ƙi a mayar da gininmu kayan rataya a bango, kamar ƙwaryar da aka hana ta fura aka sa mata fitila. Zanen aro ba ya rufe katara, ko daga Turai aka aro shi ko daga kakanni.

A unguwarmu saura magini guda da ya iya ɗaurin guga. Baba Magini muke ce masa, ya haura saba'in. Ƴaƴansa biyu na kabu-kabu, ɗaya na Agadas. Na je gaishe shi na tambaye shi wa zai gaje shi. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wa za ya gaji wahala? Yanzu kowa tol yake so. In na mutu ku kira masu siminti su yi mani kabari." Dariya ya yi, ni kuwa ban iya yi ba. Ilimin da ke kansa ba ya cikin kowane littafi da na gani a Maraɗi. Ran da ya tafi, sai mu jira wani ya zo daga Turai ya koya mana, da Faransanci, a ba mu takardar shaida.

Ga abin da nake nema gare ku, kuma ba babba ba ne. Wanda ke karatun gini ko fasaha, ya je wurin maginin garinsu da littafi da waya, ya auna, ya zana, ya ɗauki murya, tun yana da rai. Wanda ke cikin ƙungiyar ɗalibai ko ta matasa, ran da aka zo gina sabon aji a garinsu ya tashi ya yi tambaya: ina sili, ina ƙofar iska, tagogin ina suke kallo, itace nawa za a dasa a yamma da shi? Ba rashin kunya ba ne, ƙannenmu za su zauna ciki. Wanda Allah ya hore wa zai yi ɗaki, ya sa harsashin dutse da siminti, ya ta da bangon ƙasa mai kauri, in yana son kwano ya ɗaga shi sama ya bar wa iska hanya. Ƴan'uwa mata kuma, don Allah ku rage tambayar tol. Ku ce a kai ku ɗakin da ƙarfe biyu na rana, ku zauna minti goma, sannan ku yanke hukunci.

Da na dawo daga Yamai na zayyana wa Yaya duk wannan. Bai ce na yi gaskiya ba, yaya ba ya faɗa wa ƙane haka. Cewa ya yi, "Surutu ba ya tare ruwa. Ka yi masa yaɓe da hannunka kafin ruwan fari. In ya fidda damana bai yi yoyo ba, na bar maka shi, in yi nawa ɗaki daga gefe. In ya ɗiga ko sau guda, ranar da anka gama girbi zan sa masa diga." Na ce na yarda. Baba Magini ya ce zai zauna a inuwa ya riƙa nuna mani da sanda, kuma na riga na jiƙa makuba. Abin da ya rage ƙafafun kwaɓa ƙasa. Duk wanda ke Gazawa ko Agiye a hutun ƙarshen mako mai zuwa, ya zo da tsohon wando. Inna ta ce furar tana wuyanta, kuma a cikin soron za a sha.